RUWA BA YA TSAMI BANZA: DATTIN DA KE KASHE KWAMFUTA DAGA CIKI

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk direban da ya saba bin babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi da tsakar rana ya san gaskiyar wannan magana, domin da wuya a wuce Isolo ba a ga mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi yana tashi, yaron mota yana yawo da galan yana neman ruwa ba. In aka ja ta zuwa wurin masu gyaran lagireto na wajen kasuwar Ladipo, sau da yawa abin da akan tarar shi ne: tsatsa da laka sun toshe hanyoyin ruwa, injin ya rasa abin da zai kwashe masa zafi. To, wannan ciwo da aka daɗe da saninsa a jikin mota da janareta, a yanzu ya sami sabon masauki, watau cikin kwamfuta.

Mai yiwuwa mai karatu ya yi mamaki, ya ce me ya haɗa kwamfuta da ruwa, alhali kowa ya san ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna? Amsa ita ce, manyan kwamfutocin da samari ke sarrafa hotuna da finafinai da zanen gine-gine da su, a Ikko da Kano da Kaduna, da yawansu da ruwa ake sanyaya su. Irin wannan na'ura kuwa kuɗinta yakan kai miliyoyin naira, kuma sau da yawa ita ce dukan jarin mai ita. Ran da ta tsaya, aikin mutane ya tsaya, abincin gida ma ya tsaya. Saboda haka maganar wanke bututunta ba ƙaramar magana ba ce.

ME YA KAWO RUWA CIKIN KWAMFUTA?

Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta ta zamani takan ci wat 250 in aiki ya yi tsanani, katin hoto kuma irin wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 mai suna RTX 4090 yakan ci wat 450. In aka haɗa, an doshi zafin dutsen guga na lantarki ke nan, amma duk yana fitowa ne daga 'yan ɓallaye biyu waɗanda kowannensu bai fi kan sarki girma sosai ba. Idan zafin ƙwaƙwalwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in kuwa abin ya faskara sai ta kashe kanta gaba ɗaya.

Fanka kaɗai tana iya wannan aiki a ƙananan na'urori. Amma ruwa ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: kofi guda na ruwa yana ɗaukar zafin da sai an tara kofin iska kamar 3,500 kafin su ɗauka. Shi ya sa masana suka ari dabarar mota. Akan ɗora wani ɗan faranti na jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwa, ɗan famfo ya riƙa tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafi ya bi tiyo zuwa ƙaramin lagireto, fanka ta busa shi ya huce, sa'an nan ya komo. Haka zai yi ta zagaye dare da rana.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya fara sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa. A 1985 an fitar da wata mai suna Cray-2 wadda aka tsoma kayan cikinta tsundum a wani ruwan magani da ba ya ɗaukar lantarki. A 2004 kamfanin Apple ya sayar da kwamfutar tebur mai ruwa, Power Mac G5, wadda daga baya wasu daga cikinsu suka yi ta yoyo bayan sun kwana biyu. A yau kuwa, manyan rumbunan ajiye bayanai na duniya suna komawa ga ruwa gadan-gadan, domin kanta guda ta injinan da Nvidia ya nuna a 2024 tana cin wutar da ta kai kimanin kilowat 120. Ikko ma tana da irin waɗannan rumbuna, kamar Rack Centre na Oregun, kuma sanyaya injina na daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗi a irin waɗannan wurare.

INA DATTIN KE FITOWA?

Abin tambaya shi ne, ruwan da aka rufe ruf a cikin bututu, ba ƙura ba shara, ta ina datti ke shigarsa? Amsa ita ce, mafi yawansa daga ciki yake tsirowa, kuma iri biyar ne.

Na farko shi ne ɓawon da ruwan kansa ke bari. Kowace uwargida ta san farin abin nan da ke kama gindin butar shayi in an daɗe ana tafasa ruwan rijiya a cikinta. Wannan sinadarin farar ƙasa ne da ke narke a cikin ruwa, zafi ya sa shi ya kwanta. Ya fi yawa a wuraren da ke da dutsen farar ƙasa, kamar yankin Kalambaina na Sakkwato inda ake yin siminti. Jan ƙarfe ya fi wannan ɓawo saurin wuce da zafi fiye da sau 100, saboda haka ɗan siririn shafe ma ya isa ya zama kamar bargo tsakanin ƙwaƙwalwa da ruwa.

Na biyu shi ne gansakuka da ƙananan halittu. Ruwa mai ɗumi, ga haske yana ratsa tiyo mai garai-garai, babu abin da gansakuka ke so kamar haka. Cikin 'yan watanni sai a ga ruwan ya yi kore-kore ko ya yi yauƙi.

Na uku, wanda ya fi duka haɗari, shi ne cin ƙarfe. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwa guda, sai su zama tamkar batir, ɗaya yana cinye ɗaya. Tun a 1763 sojojin ruwan Ingila suka ga haka a jikin jirginsu mai suna Alarm, wanda aka lulluɓe gindinsa da jan ƙarfe, sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe sun zagwanye. Babban gunkin nan na 'yanci da ke birnin New York ma abin da ya same shi ke nan, har sai da aka sāke ƙarafan cikinsa tsakanin 1984 da 1986. A cikin kwamfuta, faranti na jan ƙarfe ne ke cinye lagireto na alminiyum. Alminiyum ɗin ya riƙa narkewa yana zama farin kunu, kunun ya toshe faranti, lagireton kuma ya yi ta sirancewa har ya huje. Masu haɗa kaya daga nan da can don neman sauƙin kuɗi su suka fi faɗawa wannan rami. Araha dai ba ta ado.

Na huɗu daga tiyo yake. Robar da ake yin tiyo mai laushi da ita akwai wani mai da ake sa mata don ta lanƙwasu, zafi kuwa yana fitar da shi sannu a hankali, ya zama farin danƙo mai kama bango. Na biyar shi ne launi. Samari suna son ruwa ja ko shuɗi ko fari kamar madara don ado, amma irin mai kaurin nan ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a cikinsa, kuma in an kwana biyu sai su kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba. Ban da waɗannan, sabon lagireto ma yakan zo da ragowar maganin walda da ɓurɓushin ƙarfe daga masana'anta, shi ya sa ake wanke shi tun kafin a ɗaura.

Duk wannan datti wuri guda yake taruwa. A cikin farantin nan na jan ƙarfe an yanka 'yan siraran layuka kamar haƙoran matsefi, tsakaninsu bai kai rabin milimita ba. Su ne ke miƙa zafi ga ruwa, su ne kuma suke zama rariya mai tare duk abin da ya biyo ruwa. Da sun toshe, famfo zai yi ta juyi, fanka ta yi ta kuka, amma zafi yana nan inda yake.

RUWAN IKKO DA KAYAN GWANJO

Mazaunin Isolo ko Agege ko Idi-Araba yana da matsaloli biyu da suka ƙara wa wannan ciwo nauyi. Ta farko ita ce ruwan kansa. Ko da yake tun 1915 aka buɗe gidan ruwa na Iju, birnin ya daɗe da fin ƙarfin famfonsa. A tsakiyar shekarun 2010 lissafin hukuma ya nuna gidajen ruwan jihar ba su wuce galan miliyan 210 a rana ba, alhali bukata ta kai miliyan 540. Saboda haka yawancin gidaje da shaguna da rijiyar burtsatse suka dogara, ko da 'yan garuwa masu tura kura, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ikko kuwa, a wasu unguwanni yana da sinadarin ƙarfe mai sa bokiti ya yi ja, a wasu na kusa da teku yana da gishiri. Duka biyun guba ne ga bututun kwamfuta, domin gishiri yana ƙara wa cin ƙarfe sauri.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ruwan leda da ake kira fiya wata, da ruwan gora, an tace su ne don sha, ba a raba su da sinadaran da ke cikinsu ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da farar ƙasa sosai, amma ya kwaso ƙura da ƙwayoyin halitta. Abin da ake bukata shi ne ruwan da aka tafasa ya zama tururi sa'an nan aka tare shi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko ake aiki da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai a yi hattara: ba duk abin da ake kira ruwan batir a bakin titi ne tsantsar ruwa ba, wani akwai asid a cikinsa, kuma in aka zuba shi, to an gama da na'ura. A saya a rufe, da takardarsa a jiki, daga wurin da aka amince da shi.

Matsala ta biyu ita ce kayan gwanjo. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Ikko kowane wata, kuma kashi mai yawa daga ciki ba sa aiki. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki suka riƙa shigowa ƙasar nan a shekara a 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba ake ɗaukar irin waɗannan kaya zuwa Kano da sauran garuruwan Arewa. Wanda ya sayi na'ura mai ruwa a gwanjo bai san shekara nawa ruwan ya yi a ciki ba, bai kuma san abin da mai ita na farko ya zuba ba. Hankali shi ne a ɗauke ta a matsayin mai datti har sai an buɗe an gani.

ALAMOMIN CIWO

Ciwon ba ya zuwa rana ɗaya. Mai na'ura zai lura aikin da a da yake yi a digiri 65, yanzu yana kai shi 85 ko fiye. Fanka ba ta hutawa. Famfo yana ƙara kamar ana kurkure baki. Ruwan da ke cikin ɗan tanki ya gurɓace, ko tiyo ya yi hazo, ko a ga kore ko fari a bakin mahaɗa. Wata alama mai sauƙin ganewa ita ce a taɓa lagireto lokacin da na'ura ke tsakiyar aiki: in ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi amma lagireto yana da sanyi, to ruwa ba ya zagayawa.

Amma kafin a kama sukuddireba, sai a san irin na'urar da ake da ita. Akwai wadda masana'anta ta rufe ruf, famfo da tiyo da lagireto duk a haɗe. Irin wannan ba a yi ta don a buɗe ba. Abin da take bukata shi ne a riƙa kakkaɓe ƙurar lagiretonta, musamman da hunturu, in kuwa ta tsufa ruwanta ya ragu ko famfonta ya gaza, a sāke ta dungurungum. Wadda ake wankewa ita ce wadda aka harhaɗa da hannu, mai tanki da mahaɗai da ake kwancewa.

YADDA AKE WANKEWA

Da farko a kashe na'ura, a zare wayarta daga bango, a shimfiɗa tsumma a kan allon lantarki. A buɗe mafitar da ta fi kusa da ƙasa a tsiyaye ruwan cikin roba, a karkata akwatin gaba da baya har sai ya fita duka. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda tiyo ya bi tun kafin a kwance, don kada a rikice wajen mayarwa.

Sa'an nan a buɗe faranti. A goge siraran layukan nan da buroshin haƙori mai laushi, da tataccen ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ana bin tsawon layin, ba a gicciye ba. In tsuran jan ƙarfe ne kuma ya yi baƙi, ana iya jiƙa shi na ɗan lokaci a ruwan lemon tsami ko ruwan khal da aka sirka. In kuwa an shafe shi da farin ƙarfe mai ƙyalli, to kada tsami ya taɓa shi, domin zai ɓare shafen. Murfin roba mai kama da gilashi kuma kada a goge shi da sifirit, yana sa shi tsagewa. A duba zoben robar da ke hana yoyo, in ya bushe ko ya baje a sa sabo. Kada a kankare da allura ko reza, garin gyaran gira a rasa ido.

Lagireto ba a buɗe shi. Sai a cika shi rabi da tataccen ruwa mai ɗumi, a toshe bakunansa, a jijjiga sosai, a juye a farin kwano don a ga abin da ya fito. A maimaita har ruwan ya fito tas. In na jan ƙarfe ne kuma dattin ya yi taurin kai, a sa masa ruwan khal da aka sirka ƙwarai na ɗan lokaci, a biyo da ruwan bakar burodi kaɗan don ya kashe tsamin, sa'an nan a ɗauraye sau da yawa. Soda mai ƙuna da asid da wasu ke wanke lagireton babbar mota da su ba su da wuri a nan. Soda tana cinye alminiyum nan take, bangon bututun lagireton kwamfuta kuwa siriri ne ainun.

Tiyo mai laushi da ya yi hazo ba a wanke shi, sabo ake sa wa. A ɗauraye tanki da famfo, a goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da faranti a shafa sabo, a mayar da kome. Daga nan a zuba ruwan sanyaya na ainihi, wanda aka haɗa da maganin tsatsa da na gansakuka, domin tataccen ruwa shi kaɗai ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu. Kada a bar famfo ya juya babu ruwa ko na ɗan lokaci, domin ruwan ne man da ke sa shi santsi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gaggawa ke sa mutane su tsallake. A ba famfo wuta shi kaɗai, sauran kayan duk a kashe, a naɗa farar takarda a kowace mahaɗa, a bar shi ya yi ta zagaye na sa'o'i masu yawa, in da hali kwana guda. Ɗigo ɗaya a kan allon da ba wuta sai a shanya ya bushe. Ɗigo ɗaya a kan allon da ke da wuta yana iya cinye jarin shekaru. Masu sana'ar sukan sāke ruwa bayan wata 6 zuwa 12, kuma a ƙasa mai zafi irin wannan gara a kusanci na farko.

A sani kuma, ruwa ba ya iya sanyaya na'ura ƙasa da zafin ɗakin da take. A Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, shagon kwano da ba taga zai gagari kowane irin lagireto. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa naira 225 a kowane ma'auni a Afrilun 2024, masu shaguna da yawa sun rage kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ya sa tsabtar bututu ta ƙara zama tilas, domin ita ce sanyin da ba a biyan kuɗinsa kowane wata.

RUWAN DA AKA TSIYAYE

Akwai gargaɗi guda wanda ya fi na'ura muhimmanci. Wasu ruwayen sanyaya, na mota da na kwamfuta, suna ɗauke da sinadarin gilaikol, wanda yake da ɗan zaƙi a baki, ga launi mai kama da lemon kwalba, amma yana lalata ƙoda. Ƙasar nan ta ɗanɗana ɗacin dangin wannan sinadari a 2008 zuwa 2009, lokacin da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da shi, ya yi sanadin rasuwar yara 84. Saboda haka kada a zuba tsohon ruwa a gorar lemo a ajiye a ƙarƙashin tebur, kada kuma a watsa shi a kwata ko kusa da rijiya inda yara da dabbobi ke kai baki. A rufe shi a galan, a rubuta a jiki, a nisanta shi daga gida.

Daga ƙarshe, akwai kira ga matasa da shugabannin 'yan kasuwa. Masu sayar da waɗannan na'urori sun yi yawa, amma masu iya buɗe su su wanke su mayar ba tare da ɓarna ba kaɗan ne. Yaron da ya koyi gyaran lagireto a Isolo, ko gyaran waya a Farm Centre ta Kano, ya riga ya sami rabin ilmin, saura haƙuri da tsabta da sanin ƙarfen da bai kamata ya haɗu da wani ba. Ya kamata makarantun koyon sana'a su sa wannan cikin darussansu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su wajabta wa mai sayarwa ya gaya wa mai saye irin ƙarfen da ke cikin na'urarsa da ranar da aka zuba mata ruwa. Shi kuma mai na'ura ya manna 'yar takarda a jikin akwati ya rubuta ranar wanki, kamar yadda direban kirki ke rubuta ranar juyen baƙin mai. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare dukiyar bayinSa.